Tururuwa a Ludayin Hajiya Asabe

Har gobe ba zan manta da wata safiyar Talata ba, cikin damina, ina shekara ta uku a ɗakin bakwaini na wani asibiti da ke wajen Kakuri. Ku da kuka kama aiki kwanan nan nake ba wa labarin, don kuskuren da na yi a ranar kowa zai iya yin sa.

A lokacin likitocinmu suna bincike a kan hanjin jariran da aka haifa kafin watanninsu su cika. Hanjin bakwaini ɗanye ne, abu kaɗan ke kumbura shi, in kuwa ya kumbura sau da yawa sai dai haƙuri. So suke su ga yadda ƙwayoyin halitta masu amfani ke samun wurin zama a cikinsa. Nawa aikin shi ne in yi wa uwa bayani, in ta yarda ta sa hannu ko ta dangwala, sannan in riƙa ɗibar kashin jaririn a 'yar roba mai lamba ina kai wa ɗakin gwaji. Har abokan aiki suka daina ce min Sista Rifkatu, suka koma Sista mai kashi, ni kuwa ina amsawa.

Amma ko uwa ta shiga binciken ko ba ta shiga ba, akwai abin da ba ma wasa da shi, wato dakashi, nonon farko mai kauri, ruwan ɗorawa. Shi ne garkuwar hanjin bakwaini. Wanda bai iya tsotso ba, da ɗan sirinji muke ɗiga masa a cikin kumatu.

Hauwa, matar wani tela a Makera, ta haifi 'ya mace ranar Lahadi, wata bakwai, aka sa ta a kwalba, wato akwatin gilashin da ke ɗumama bakwaini. Kwana biyu muna ba Hauwa ɗan kofi ta tatso, kullum sai ta ce nono bai zo ba. Ran Talatar na ɗauki takardar bincike na je nemanta, na same ta a bayan ɗaki inda masu jinya ke zama a gindin mangwaro. Mahaifiyarta, Hajiya Asabe, tana tsugune bakin kwata tana juye wani abu daga ƙaramin ludayi. Kallo ɗaya na yi na gane dakashi ne.

Ni dama bakina ya fi ni sauri. A gaban mutane na ce, "Mama, kin san abin da kika zubar? So kike ki kashe jikarki?" Tsohuwar ta rufe ludayin da gefen mayafinta. Hauwa kuwa ta fashe da kuka.

Kafin in koma ciki labari ya riga ni isa wurin Matiron Saratu, shugabar ɗakinmu. Ba ta yi min faɗa ba. Takardar hannuna ta karɓa ta juya, ta ce, "Tambaya nawa ce a nan, Rifkatu? Duk kin haddace su, amma kin kasa yi wa tsohuwa guda ɗaya. Je ki tambaye ta me ya sa."

Na koma na durƙusa na ba Hajiya haƙuri. Sannan na tambaye ta dalili. Ashe shekara uku da suka wuce Hauwa ta haifi namiji a gida, aka yi suna aka sa masa Abba, kwana biyu bayan sunan ya koma. Tsofaffin unguwa suka ce mugun nono gare ta. Shi ya sa wannan karon Hajiya ta yi gwajin da ta gada daga uwarta: a tatsa nono a ludayi a jefa tururuwa, in ta fito nono lafiya lau, in ta mutu guba ne. Sau biyu ta gwada, sau biyu tururuwar ta mutu.

Ta ce, "'Yar nan, a hannuna wancan ya cika. Ba zan zuba ido wannan ma ta bi shi ba."

Kunya ta rufe ni. Matar da na kira mai kisa, ashe tsaron jikarta take yi da iya abin da ta sani. Kuma na lura gwaji take yi irin namu, sai dai da ludayi ɗaya, alhali likitan da ke jagorantar bincikenmu kullum yana nanata mana cewa gwajin da ba a kwatanta shi da komai ba, ba gwaji ba ne. Na tambaye ta me take nufin a ba jaririyar a maimakon nono. Ta ce madarar gwangwani, ita ce ba ta da shakka a kanta.

Na je wurin mai shayin bakin ƙofa na roƙo kaɗan, na zuba a ludayinta bayan ta wanke. Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina ban san abin da tururuwa za ta yi ba, in ta fito kashina ya bushe. Hajiya da kanta ta kamo ɗaya a gindin mangwaron ta jefa. Ta ɗan yi ta mutsu-mutsu, sannan ta daina motsi. Ta kamo ta biyu, ita ma haka.

"Ikon Allah," in ji ta. "Wannan fa ita nake sha kullum a shayi."

Masu jinya suka yi dariya, amma Hauwa ba ta yi ba. Ta kama hannuna, murya can ƙasa ta ce, "Sista, ashe ba ni na kashe Abba ba?"

Na gaya mata gaskiya, ban san abin da ya ɗauke shi ba, ba na wurin, amma dakashinta ba guba ba ne. Shekara uku tana ɗauke da wannan abu ita kaɗai, kuma da safiyar nan ni ma na ƙara mata nauyi. Na rungume ta, muka yi kukan tare, ban damu da farar rigata ba.

Kafin azahar ta tatso ɗigo kaɗan, ko cokalin shayi bai cika ba. Ta wanke hannu, na sa mata rigar shiga ɗaki, na riƙe hannunta ta ɗiga wa 'yarta a kumatu ta ƙofar kwalbar. Yarinyar ta motsa ɗan bakinta. Hajiya tana leƙe ta taga tana share ido.

Takardar binciken kuwa ba a taɓa sa mata hannu ba. Mijin Hauwa ya ce bai yarda a riƙa ɗibar kashin 'yarsa ba, muka ce haƙƙinsa ne, muka ci gaba da kula da ita kamar kowa. Bayan sati shida aka sallame su. Da za su tafi, Hajiya Asabe ta ajiye min ludayin a kan tebur ta ce ya gama aikinsa.

Tun daga ranar, in na ga uwa ko kaka tana yin abin da ya ba ni haushi, sai in tuna da wuya a samu mai son jaririn nan kamarta, in zauna in tambaye ta dalili. Ludayin yana nan a durowata, kuma duk wadda za ta fara aiki a ɗakin nan, shi nake fara nuna mata kafin in nuna mata kwalba.