Baba Rufe-Ƙofa Zai Ajiye Makulli

Kafin ɗalibai su iso, dattijon da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje ya riga ya wanke kwalabe, ya kunna fankar da ke zuƙe hayaƙi, ya leƙa akwatin sanyi a hankali kamar mai duba jaririn da ke barci. A ciki ɗaliban jami'a ke renon wasu ƙwayoyi masu kama da gishiri, waɗanda ake haɗawa da sinadarin ƙarfe. Haske kaɗan na iya sauya su tun ba a shirya ba, shi kuwa ba ya gajiya da tsawa a kan barin ƙofa a buɗe, har yara suka laƙaba masa Baba Rufe-Ƙofa. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Mai gadi ya shaida mini cewa ranar da wuta ta ɗauke, a ka dattijon nan ya yi ta jigilar ƙanƙara don kada aikin yara ya lalace.

Ni na san shi ne ranar da na je cire 'yata daga karatun. Ta dawo gida yatsunta sun yi shuɗi, rigarta na warin magani. Ni kafinta ne, in aka ce sinadari guba nake ji. Na ce gara ta rasa digiri da in rasa ta.

"Abba, don Allah kada ka ba ni kunya," in ji ta, ido ya ciko.

"Ƙyale shi, 'yar nan," in ji Baba. "Malam, kayanka ka zo ɗauka? Shigo ka ga abin da za ta bari."

Ya ɗora mini farar riga da tabarau, ya ce, "Ku matsa, farfesa ya iso!" Yarinyar ta haska wata ƙwaya rawaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ina kallo ƙwayar ta rikiɗe ta zama ja. Ta ɗan ɗumama ta, ta koma rawaya.

"Ba narkewa ta yi ba, Abba, tsarin cikinta ne ya juya."

Ban gane duka ba, amma ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba.

"Yatsun fa?" na tambayi Baba.

"Safar hannu ta cire don gaggawa. Na kore ta wuni guda, ta sha kukanta." Ya naɗe hannun rigarsa, sai ga tsohon tabon ƙuna har gwiwar hannu. "Na samu wannan lokacin da babu mai yi mini tsawa. Ɗan wani ba zai samu irinsa a ɗakina ba."

Ni kaɗai na koma gida. Bana take kammalawa.

Baba, kai ne katangar da iyaye ba su san suna jingine da ita ba. Sunanka ba ya kan takardar kowa, amma 'ya'yanmu sun fito da idanunsu da yatsunsu cif. Na gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Wanda zai gaje ka kuma, ina roƙonsa: ya yi wa yaranmu tsawa, mu iyaye mun yafe.