Ranar da Baffa Ya Fasa Jitata

Wata huɗu na yi ina koyon jita wajen wani malamin sakandare a Kunci, har hannuna ya fara sabawa. Wata rana da hantsi ina kaɗawa a gonarmu, sai ga Baffa, yayan mahaifina. Ko sallama bai yi ba. Ya fizge jitar, ya maka min ita a gadon baya har ta tsage gida biyu. Tsirkiya ta tsinke, ta yanke ni a kumatu, jini ya jiƙe min riga.

"Ɗan gidan malamai da kiɗa?" ya daka min tsawa.

Bayan sati biyu na koma wajen malamina. Ya dubi tabon, ya ce, "Zauna, da tawa za mu ci gaba."