Kafson Da Nake Kai Wa Inna Tsaraba

Komai na manta a rayuwata, ba na jin zan manta ranar da mahaifiyata ta yabe ni a gaban likita, ni kuwa na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin ina tuƙa motar haya tsakanin Gusau da Tsafe, ita kuma Inna tana gida a Rawayya tare da ƙanwata. Duk Juma'a nakan je gaishe ta, kuma ni ba mai zuwa hannu rabbana ba ne: burodi, goro, wani lokaci sabulu. Wata rana ta yi mini ƙorafin fitsari yana yi mata zafi, abin nan da ake cewa ciwon sanyi. Da na dawo sai na biya kemis na sayo mata kafso mai ja da rawaya. Kwana biyu ta ce ta ji garau. Shi ke nan fa, kafso ya shiga jerin tsaraba, ni kuma ina ta hura hanci, wai ni ɗan da ya san darajar uwa.

Ita kuwa Inna ba ta almubazzaranci. Ta sha biyu, da ta ji sauƙi sai ta adana sauran a cikin kwalla. Maƙwabciya ta shigo da ciwon ciki, a ba ta guda. Kaza ta yi sukuku, a fasa guda a zuba mata a ruwa. Da mai ja da rawaya ya daina yi mata aiki, sai na koma fari, daga fari na koma kore. Ban san sunan ko ɗaya ba, ni dai launi na sani. Haka muka kwashe kusan shekara uku, ciwon yana tafiya yana dawowa, ba wanda ya taɓa cewa a je a gwada fitsarin nan.

Wata safiya ina tasha a Tsafe ina jiran mota ta cika, ƙanwata ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Yaya, ka taho maza. Jikin Inna ya yi zahi rau, sai makyarkyata takai, ko ni ba ta gane ba." Na sauke fasinjoji ina ba su haƙuri, na kama hanyar Rawayya. Muka kai ta asibiti a Bungudu, suka duba ta suka ce a wuce Gusau, don ciwon ya shiga jini.

Aka ɗibi jini da fitsari, aka sa mata ruwa da allurai, amma zazzaɓin ya ƙi sauka. A rana ta uku likitar, wata mata mai tabarau da ba ta ɓata bakinta, ta zo da takardar gwaji. Ranar Inna ta ɗan farfaɗo. Likita ta tambaye ta ko ta saba shan magani a gida.

"Awo, likita," in ji Inna da 'yar muryarta, tana nuna ni. "Wanga yaro nawa, Allah shi yi mai albarka. Bai taɓa barina babu kafso ba, ko sau guda."

Wallahi har na soma murmushi. Likitar ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Malam, zo mu yi magana."

A baranda ta nuna mini takardar. Sunayen magunguna ne a jere, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da biro tana cewa wannan ba ya yi, wannan ma ba ya yi. Ta ce duk sanda aka sha rabin magani aka bari, ƙwayoyin cutar masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Ta ce ba a Zamfara kaɗai ba, irin waɗannan ƙwayoyin suna ta yaɗuwa a duniya, suna bin matafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, har manyan asibitocin Turai suna fama da su. Ni da wautata sai na ce, "To likita, wane launi za a sayo yanzu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce allura ɗaya ta rage a hannunsu da cutar ke tsoro, kuma tana iya taɓa kunne ko ƙoda, amma in ba a yi ba ana iya rasa Inna. Na ce a yi, na koma gefe na yi kuka kamar yaro, ban damu da wanda ke kallona ba.

Allah ya taimake mu, zazzaɓin ya sauka, bayan mako biyu aka sallame mu. Ƙoda ta tsira. Ji ne ya ragu, musamman a kunnen hagu, kuma har yau bai dawo ba. Ita ta mai da abin raha, wai yanzu duk mai gulma sai ya ɗaga murya. Ni dai in na je gaishe ta, ta dama nake zama, kuma duk sanda ta ce mini "Mi kac ce?" sai na ji abin ya soke ni a ƙirji.

Abin da na koya shi ne, so ba ya mai da mutum likita. In naka ba shi da lafiya, ka kai shi a gwada shi, a rubuta masa magani, ka tsaya a kansa har ya shanye. Ni da kyakkyawar niyya na kusa rasa uwata, kuma har gobe ba ta san ni ne sila ba, albarka kawai take sa mini.