Akwatin da ya san kalmar

Shekarar da nake aji na uku a kwaleji, ni ce mai kai wa Kawu abincin rana a biro, wato ofishinsu. Ƙanen Inna ne, shi ke kula da ordinatoci, wato kwamfutocin wata ƙungiyar kiwon lafiya a Diffa. Ɗakinsa ƙarami ne mai sanyi. Nakan ajiye kwano in zauna a kan kwali kusa da ƙofa, ba na magana, sai kallo.

A saman wata kanta akwai wani baƙin akwati mai ƙananan fitilu, rutar yake ce masa. Ɗan'uwan akwatin yana ƙaramin asibitin wani ƙauye gaba da Gueskérou, a bakin kogin Komadugu, inda wana yake aikin jinya. Kawu ya taɓa faɗa mini, bakinsa cike da shinkafa, cewa akwatunan biyu ba sa buɗe hanya a tsakaninsu sai kowanne ya tabbatar da ɗayan. Kalmar sirri ɗaya ya sa musu da hannunsa. Ba sa furta ta. Kowanne yakan cuɗa ta da wasu lambobi ya aika da abin da ya fito, ɗayan ya gwada da tasa. In sun dace, fitilar ƙarshe ta yi kore. VPN ke nan, in ji shi.

Lokacin girbin tattasai 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen. Waɗanda suka iso da ƙafa suka ce an kwashe magani, an cire fanon sola mai ba asibitin wuta, an tafi da samari. Ba wanda ya ga gawar wana. Fitilar ta mutu.

Bayan wasu makonni, ina zaune a kan kwalina, na ga ta kunnu. Na ce, "Kawu, ta yi kore."

Ya ajiye cokali. Ya dubi allon ordinata har abincin ya huce.

Ni na faɗa wa Inna. Washegari ta biyo ni, ita da ba ta taɓa shiga biro ba, ta cire takalmi a bakin ƙofa.

"An ce ɗanka ya kunna abin," in ji ta, wana take nufi.

"Yaya, akwatin ne ya kunnu."

"Ba kai ka ce ba ya amsa wa baƙo ba?"

"Kalmar tana cikinsa. Duk wanda ya jona shi da wuta, haka zai amsa. Bai san hannun da ya jona shi ba."

"To su waɗannan mutane ina suka san jona waya? Shi ne ya iya."

Kawu ya mayar da ido kan allo.

Shef, shugaban biro, ya ce a canza kalmar a ranar, domin mai riƙe da akwatin zai iya leƙowa ya ga inda sauran ma'aikata suke kwana a ƙauyuka. Kawu ya ce to. Bai canza ba. Ya toshe abin da zai iya toshewa, ya bar fitilar. Kullum in rana ta take sai ta kunnu, kafin la'asar ta mutu. Ba saƙo, ba komai. Inna takan zo ta zauna gabanta da carbi. Na lura ta koma dafa miyar kifin da wana yake so.

Wata Alhamis shef ya shigo ya tarar da mu. Ya gaida Inna da ladabi, sannan ya tsaya a bayan kujerar Kawu, bai fita ba. Kawu ya rubuta sabuwar kalma da yatsa ɗaya, fitilar ta mutu.

"Yaya, ki yafe mini."

Inna ta ɗauki takalminta a hannu ta fita.

Ni na ci gaba da kai abinci. A allon, layi yakan fito duk bayan ɗan lokaci: akwatin can ya ƙwanƙwasa da tsohuwar kalma, na nan ya ƙi. Kawu yakan juya allon wajen bango, amma daga kan kwalina ina hango shi a gilashin taga. Haka ya yi ta zuwa har farkon damina. Ranar da layin bai zo ba, Inna ta tambaye ni da yamma ko wana yana nan yana neman mu. Na ce mata ban duba ba.