Hancin Magagi da Motar Surukinsa

"Ka gan shi can? Ya sake tsoma hanci."

"Wa?"

"Mai garejin ga mana. Ka kai mai mota, shi bar inji, shi bar taya, shi tsaya shinshinar mai kamar mai sayen man shanu."

"Gara shi shinshina. Wancan wata ya hana ni tahiya Abala, ya ce man bwat ɗina ya ƙone, na ƙi ji. Amalanken jaki ya maido ni gida."

"Kai da girmanka?"

"Da girmana da hulata. Kar ka yi dariya, don Allah."

"To yau mi ya shinshino? Dibi fuskatai, kamar wanda ya taka mushe."

"Sassauta murya. Motar surukinai ta."

Wanda masu shan shayin nan suke gulma a kansa shi ne Magagi, mai rumfar kwano da ke bayan tashar Filinge. Ya haura hamsin, gajere ne, ba ya son hayaniya. A wani ƙauye na ƙasar Kurfai aka haife shi, ya yi noman hatsi har gemu ya fito masa, sannan ya tafi Yamai ya shekara goma sha ɗaya a gareji, ya ƙara uku a Kotonu inda ake sauke motocin hannu. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gida. A lokacin ne motoci masu canza giya da kansu suka fara shigowa garin, sauran makanikai suna ganinsu suna kawar da kai. Shi ya ce a kawo masa. Akwatin giyar, wanda kowa a nan ke kira bwat, shi ne sana'arsa tun daga ranar.

Mutum ne mai ƙyanƙyami, abin da ba a saba gani ga bakanike ba. Yana da farin tsumma guda da yake ajiyewa cikin gwangwanin madara, ba ya goge komai da shi sai sandar awon man bwat, kuma da hannunsa yake wanke shi. Mazurarinsa na jan mai yana ɗaure cikin leda, ba a aro. In iska ta taso da rairayi, ko wa ya zo, ba zai buɗe bwat ba.

Karatun da yake yi wa masu mota ɗaya ne, har wasu sun haddace. A bar inji ya yi zafi, a tsayar da mota inda ƙasa ta daidaita, a bi da giya gida-gida a dawo da ita mazauninta, sannan a zaro sandar awo inji na aiki. In man ja ne garau kamar zoɓo, a rabu da shi. In ya koma ruwan ƙasa, lokacin bidanji ya yi, wato a juye tsoho a zuba sabo. In ya yi baƙi yana warin tuwon da ya kama tukunya, to an makara ko ana gab da makara.

"Takardar mota ta ce kilomita dubu sittin," haka yake cewa. "Wanda ya rubuta ta bai taɓa kahewa cikin rairayin hanyar Bonkuku da rana tsaka ba, shina gaba shina baya har bwat ta dahu. Nan dubu arba'in ta ishe ka. In ka kahe ka sha wuya, ko jiya munka zuba, kawo in gani."

Yawancinsu ba sa kawowa. Ya ga wanda ya zuba man inji a bwat don wai duk mai ne. Ya ga wanda ya sayi jan mai a gorar ruwa a kasuwa, ashe baƙin mai ne aka rina. Duk wannan yakan tofar da yawu ya yi aikinsa. Amma abin da ya gani ran Litinin ɗin nan ya fi su, don a gidan da ba ya iya buɗe baki aka yi shi.

Alhaji Hamani, mahaifin matarsa Sa'adiyya, tsohon mai fataucin shanu ne. Ɗansa ya aiko masa da mota mai canza giya da kanta daga Kotonu saboda gwiwarsa ta hagu ba ta iya taka komai. Da ita yake kai matarsa, Inna Fati, asibiti a Yamai. Idonta na dama ya rufe, na hagu yana bi, kuma likita ya ba ta randebu, wato ranar zuwa, ran Alhamis don a yi mata aiki, bayan wata biyar tana jira. Hanya ce mai nisa, kuma a shekarun nan ba wanda ke son mota ta mutu masa a tsakiyarta.

Shekara goma sha tara da auren, Magagi bai taɓa kallon idon surukinsa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. In sun haɗu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, gaisuwa, shi ke nan. Abin da ya wuce gaisuwa ta bakin Sa'adiyya yake bi. Bara da ya yi wa motar bidanji, saƙo ya zo cewa a mayar wa Alhaji da tsohon mansa. Magagi ya ɗura a jarka ya aika, a zatonsa za a shafa wa ƙafafun rumbu saboda gara, kamar yadda kowa ke yi.

Ran Litinin maƙwabcin Alhaji ya kawo motar a sa mata ƙwan fitila. Magagi ya shiga zai matsar da ita inuwa, ya sa giya, mota ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Ya ƙirga uku a ransa kafin ta zabura. Ya fito ya zaro sandar awo ya goga a farin tsummansa. Baƙi ƙirin, da kauri, da ɗan zare-zare a ciki. Ya murza da yatsu ya ji rairayi. Ya kai hanci, ya ji ƙauri, a ƙarƙashin ƙaurin kuma wani abu kamar tsohon ƙuli. Sai da ya juya ya yi kakari. Ya leƙa ƙarƙashi, ya ga kaskon bwat ya lotsa, yana ɗiga.

"Bar min ita kwana biyu," ya ce wa maƙwabcin.

"Alhaji ya ce hitila kaɗai. Ya ce in an taɓa wani abu, ni da shi."

Da azahar ya samu Sa'adiyya tana tankaɗe. Ya shimfiɗa mata tsumman a gaba.

"Mi ne wanga kuma, Malam? Cikin garina?"

"Abin da ke cikin motar Baba ke nan. Da shi za a ɗauki Inna."

Ta ja mayafi ta tafi gidan mahaifinta. Kafin la'asar ta dawo.

"Ya ce lahiyarta lau. Ya ce kullum da sahe shina ba ta mai da hannunai."

"Wane mai?"

"Nata. Wanda ka aika mai."

Magagi ya zauna a bakin turmi.

Washegari da hantsi suka tafi tare. Alhaji Hamani yana zaune a gindin itacen bedi a ƙofar gida, motar a gefensa, kuma ga abin nan a fili ba ɓoyo. Jarka biyu a rana. Tsohuwar ƙwarya da aka ɗaure wa baki da guntun rawani, baƙin mai yana tsiyaya ta cikinsa a hankali, ƙudaje biyu sun mutu a sama. Ga mazurarin da Inna Fati take ɗura man gyaɗa da shi, a yashe cikin ƙasa, akuya tana lasa. Tun ranar da kututture ya bugi motar a hanyar gona take yoyo, tsohon kuwa ya ji nauyin ya aika wa mijin ɗiyarsa, sai ya riƙa tace tsohon man yana ƙarawa. Da ya ƙare, ya karɓo na injin niƙa a maƙwabta ya haɗa.

Magagi ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa kaɗan. Aka gaisa. Sa'adiyya ta zauna a tsakaninsu.

"Sa'a," in ji tsohon, yana kallon akuya, "a gaya wa mai gareji mun ga hitila, ta yi. Allah shi yi albarka."

"Sa'adiyya," in ji Magagi, yana kallon ƙasa, "ki ce ma Baba man ga ya mutu. Tacewa ba ta tashe shi."

"Sa'a, tambaye shi, uwarki in ta soya ƙosai zubar da mai takai? Ba tacewa takai ta maida kwalba ba?"

"Ki ce ma Baba bwat ba kaskon suya ba ce. Hanyoyin cikinta ko zare ba shi wucewa."

"Ni na ga shekarar da munka tona gidan tururuwa neman hatsi. Yanzu a ce min in zubar da mai jarka guda, don launinai ya sake? Ni ma launina ya sake, a zubar da ni mana!"

"Ku biyu kuna jin juna hwa," in ji Sa'adiyya. "Ni mi nika yi nan?"

Ba wanda ya kula ta. Magagi ya ci gaba, ta bakinta dai, yana bayanin abin da za a yi. A kwance kaskon a gyara lotsawar, a wanke maganaɗisun da ke cikinsa a ga yawan garin ƙarfen da ya kama, a sake filtir, wato matatar mai, da robar bakin kaskon. A zuba sabon mai irin nata daidai da wanda ya fita, a zaga da ita gari, a juye, a sake zubawa, har sau uku, don dattin da ya kai haka ba ya fita a tashi ɗaya. Man yana da shi a rumfa. Kwana biyu cif, in an fara yau. In Allah ya sa faifan ciki ba su gama cinyewa ba, za ta kai Yamai ta dawo.

"In kuwa an bar ta haka, ki ce ma Baba ko Baleyara ba ta kaiwa, balle Yamai."

Tsohon ya sunkuya. Ya miƙa hannu ya ɗauko mazurarin daga ƙasa, ya kaɗe shi a gwiwa, ya busa, ya jawo ƙwaryar. Ya dafa bedi ya miƙe, ya nufi gaban motar yana ɗingishi. Daga cikin gida aka ji Inna Fati tana laluben bango tana tambaya ko Sa'a ce ta zo.

Magagi ya ga an ɗaga murfin inji. Ya ga bakin mazurarin, da rairayi manne a jikinsa, ya doshi bututun bwat. Bai san lokacin da ya tashi ba. Ya taka babu takalmi, ya wuce matarsa, ya sa tafin hannu ya rufe bakin bututun. Man ƙwaryar ya ɗiga masa a bayan hannu, da ɗumi. Sa'adiyya ta kama baki.

Ya ɗaga kai ya dubi surukinsa ido da ido.

"Baba, da kai nika magana, ba da Sa'adiyya ba. Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama bayan Alhamis. Don Allah aje ƙwaryar ga, ka ba ni makulli."