Baƙin layi a wuyan kaboyi

Yayana mai fenti ne a Unguwar Dosa. Kaboyi yake zanawa a allon bayan manyan motoci: malafa, doki, bindiga a ƙugu, sama ruwan hoda, launi rau kamar kwalin sabulu. Ni dai ban taɓa ganin shuɗin doki ba sai a wurinsa. In na tsokane shi ya ce, "Ke da ɗinki kika sani, tsaya a kan kekenki." Shagona yana manne da rumfarsa.

Direban motar yake zaunarwa a benci, ya zana fuskarsa ƙarƙashin malafar. Shi ya sa direbobi ke tururuwa, kowa na son ganin kansa a kan doki.

Da girma ya zo, tsoron zanen mai rai ya kama shi. Malaminsa ya ce ya riƙa jan siririn baƙin layi a wuyan duk wanda ya zana, alamar ba rai a jikinsa. Yaya ya rantse ba zai ƙara sakin zane babu layin ba. Ni haushi abin ya ba ni, amma shi ya samu natsuwa.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa daga Malali ta zo da wani allo da Yaya ya zana a cikin Keke Napep. Ɗanta direba ne, ya rasu a hatsari, mai motar ya ciro mata allon.

"Ɗan nan," ta ce wa Yaya, "hotunansa na waya duk ya ɗaure fuska. Nan kaɗai yake dariya. Amma na kasa kallonsa da yanka a wuya. Ka goge mini."

Tausayinta ya kama ni, na ce, "Yaya, goge mana, me kake jira?"

"Na yi rantsuwa," ya ce.

Ya daɗe tsugune gaban allon, har na fara hura hanci. Can ya buɗe gwangwanin ja. Bai kankare komai ba. Jan ƙyalle ya zana a wuyan, irin wanda kaboyi ke ɗaurawa, har da ƙulli, ya rufe layin ruf.

Tsohuwar ta matso, ta kai hannu ta gyara wa ɗanta ƙullin, ta manta fentin bai bushe ba. Na miƙa mata tsumma da kananzir ta goge yatsunta. Ta ce in bar mata fentin a hannunta.