Dattijon da Ya Zo Zaɓen Wasan Faɗa

Kwana uku ke nan Mansur, mai koyar da karate a wani zaure a Gusau, yana ganin wani mutum bayan la'asar. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, kaftaninsa ya sha guga, ga tabon biro a bakin aljihu. Da gani ma'aikacin gwamnati ne da ya kusa ritaya. Ba ya zama. Yana kallon 'yan judo suna ka da juna, ya juya ga masu shurin taekwondo, hannunsa na dama yana dunƙulewa a bayansa bai ma sani ba.

Yau dai ya matso.

"Malam, wanne ya dace da mai shekara hamsin da huɗu?"

"Wanne ranka ke so, Baba?"

"Dambe," in ji shi, yana murmushin kunya. "Tun ina yaro a Bunguɗu. Mahaifina ya ce wasan mahauta ne, ba na ɗan alƙali ba."

Mansur ya shiga yi masa bayani. Judo zai wahalar da bayansa, taekwondo na son gwiwa mai lafiya, karate ne kawai za a lallaɓa.

Mutumin ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katifar horo, ya daɗe a haka. Sannan ya janye ta.

"Gaskiyarka. Na makara."

Mansur ya bi shi da kallo har bakin titi, yana jin haushin kansa. Mutum ya zo da burin shekara arba'in, shi kuma ya tarbe shi da zancen gwiwa.